Kututturen Da Na Ruɓar A Rusaifa

Da sunan Allah nake farawa, wanda Shi kaɗai Ya san ƙasar da za ta karɓi kowane ɗayanmu.

Ban je Makka neman dukiya ba, ban kuma je kallon gari ba. Na je ne domin in mutu a can. Haka na faɗa wa 'yata Hajara ƙarara ta waya, ranar da na sauke umara na ƙi bin jirgin da ya kawo mu. Cikin jakata akwai likkafanina, farin alawayyo wanda na zaɓa da kaina, na tsoma shi a ruwan Zamzam na shanya ya bushe. Ta yi kuka, ta ce in dubi Allah in dawo. Na ce mata na binne mahaifiyarta, na aurar da 'ya'yana duka, na damƙa wa mijinta rumfar goro, abin da ya rage mini a duniya kabari ne, kuma na riga na zaɓi garin da za a haƙa shi.

Ni Bakano ne ta wajen uba, amma a kurmi aka yanke mini cibiya, a zangon wani ƙauye cikin ƙasar Tonawa, can kudu mahaifar goro, inda mahaifina ya sauke kayan fatauci bai sake ɗaurawa ba. Goro na gada, goro na sani, da shi na tsufa. Sunana Salihu, kuma a zangonmu idan na yi gyaran murya samari kan rage sauti.

Mutumin farko da ya tarbe ni a Makka wani Tanimu ne, mai farin rawani da zaƙin baki. A bakin Harami ya same ni ina hutar da ƙafa, ya durƙusa ya gaishe ni gaisuwar 'ya'yan mutunci, har ya tambayi lafiyar kurmi kamar ya san hanyarta. Ya ce dattijo irina bai kamata ya zauna da fargaba ba, zai samo mini kafil, wato Balaraben da zai tsaya mini a yi mini iƙama, takardar zama. Ya karɓi fasfona da hannu biyu. Rabona da shi ke nan. Daga ranar na zama takari, sunan da ake kiran irinmu waɗanda suka zo ibada suka maƙale ba takarda.

Waɗansu Maraɗawa masu tura keken gajiyayyu wurin ɗawafi suka ɗauke ni zuwa Ka'akiyya, can bayan gari inda haya take da sauƙi. Ɗaki ɗaya suke kwana, amma suka ba ni gurbin da ke ƙarƙashin mukayyaf, na'urar sanyaya ɗaki, suka ce wurin manya ne. Da suka ji abin da ya kawo ni, sai suka riƙa tsokanata kowace safiya, wai Baba yau ma ba a kira layinka ba? Nakan ce musu ba su da kunya, su yi dariya su ajiye mini shayi da burodi su fita. Mutuwa dai ba ta zo ba. Abin da ya zo shi ne yunwa da nauyin cin abincin waɗanda na haifi kamarsu. Jikina kuwa, kamar da gangan, ko ciwon kai ya ƙi yi.

Sai na koma ga abin da na sani. Goron da ke isa Makka yakan iso a galabaice, ya yi yaushi, domin masu sayar da shi ba su san goro mai rai ne ba. Na samo buhun algarara na jiƙa, na tsince wanda sankara ta ci, na lulluɓe sauran, ina yayyafa ruwa ina juyawa kamar yadda muke yi wa huhu a gida, sai dai babu ganyen fita. Da faranti na fara, a gindin wani bango a unguwar Shisha. A can na koyi gudu da tsufana. In aka ce jawazat, wato masu kamen marasa takarda, kowa yakan tattara ya shige lungu. Wata rana na bar takalmi ɗaya da hulata a kan titi, wata Bahaushiya mai sayar da fanke ta ja ni bayan ƙyaurenta, ta ba ni silifas ɗin mijinta, ba ta tambayi sunana ba.

A wannan zamanin ne kewa ta fara cina, kuma ba ta inda na zata ta shigo ba. Ba tuwo na yi kewa ba, akwai shi a Makka. Hancina ne ya yi kewar warin ruɓaɓɓen ganye bayan ruwa, kunnena ya yi kewar hayaniyar itatuwa. A Makka dutse ne da siminti da kukan tattabaru. Hajara kuma kullum ta kira maganarta ɗaya ce, Baba ka dawo, daga nan sai kuka. Na ga kukan yana raunana mini niyya, sai na daina ɗauka. Wayar takan yi ta ruri cikin aljihuna har ta gaji.

Daga Shisha na koma unguwar Rusaifa, kuma goro ne ya kai ni. Akwai wani mai kantin kayan famfo, ana ce masa Abu Faisal, Bahaushe ne haifaffen Makka, ɗan ƙasa da takardarsa, wanda Hausarsa rabi Larabci ce. Yakan sayi goro saboda mahaifiyarsa, Hajiya Umma, tsohuwar da aka haifa a kan hanyar Sudan lokacin da iyayenta suke tahowa hajji a ƙafa. Ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma Hausarta irin ta kakannina ce, wadda ko a Kano an daina ji. Da ta ɓara gorona ta ji ya yi ƙas, sai ta ce a kawo mata wanda ya san hannun goro haka. Muka gaisa ta bayan labule, ta tambayi asalina, ta ce wa ɗanta ba a barin dattijo a gindin bango alhali akwai ɗaki a saman bene babu kowa ciki.

A saman benen nan Abu Faisal yake kiwon tsuntsaye, tattabaru da kanari da aku guda mai zagi da Larabci. Wata Juma'a bayan la'asar ya hawo da ƙaramin keji a lulluɓe, yana murmushi, ya ce ya yi tsintuwa a kasuwar tsuntsaye. Mai sayarwa ya rantse masa ɗan aku ne daga Afirka, wai fuskarsa ba gashi domin jariri ne, in ya girma gashin zai fito ja, har ya yi magana. Ya yaye mayafin. Ni kuwa sai na zauna a kan bokiti na zuba wa tsuntsun ido.

"Ya Ammi, lafiya? Shaiɗani ka gani?" in ji shi. Ammi yake kirana, wato baffa da Larabci.

"Ɗana, an cuce ka. Wannan ba aku ba ne, kuma ya girmi wayonka. Maƙwabcina ne."

Tsuntsun nan Hausawan arewa ba su da suna gare shi, domin ba ya ƙetare kurmi. Mu mutanen zango ɗan sanƙo muke ce masa. Bai kai kurciya girma ba, launinsa na busasshiyar ƙasa, ba shi da wani ado. Fuskarsa fata ce baƙa tsirara har zuwa saman kai, bakinsa kakkaura, kuma a gindin bakin akwai tsirarun gashi masu tauri kamar gemun da bai yi albarka ba. Yatsunsa biyu gaba biyu baya, da su yake manne wa jikin itace a tsaye. Wanda bai sani ba sai ya ce makwakkwafi ne, amma makwakkwafi tsutsa yake nema cikin itace, shi kuwa ɗan sanƙo gida yake sassaƙawa.

Na ba Abu Faisal labarinsa kamar yadda na gan shi tun ina yaro. Manoman koko idan sun share gona sukan bar manyan itatuwa a tsaye, su kashe su da wuta a gindi. In itacen ya mutu ya sha damina ya yi laushi, sai 'yan sanƙo su sauka a kansa jama'a guda. Kowa ya huda ƙofarsa, zagayayya kamar an auna, ya sassaƙa ɗaki zuwa ƙasa, yana kwaso dusar itacen da baki yana zubarwa waje. Sai ka ga itace ɗaya ya zama gari, ƙofa bisa ƙofa, kamar benayen alhazai. A ciki suke kwana rani da damina, a ciki suke saka fararen ƙwai, kuma ba uwa da uba kaɗai ke kai wa 'ya'ya abinci ba, na sha ganin na uku ya shiga da ɗan itace a baki. Faɗa kuwa ba su da aiki sai shi, kan ƙofa, kan reshe, kan abin da ba kowa ya sani ba. Amma maciji ya kuskura ya hau itacen, sai gari duka ya taso masa da ihu har ya sauka. Da safe su tafi gayya wurin ɓauren da ya nuna, su haɗiye 'ya'yan, su watsa irin a duk inda suka bi. In shinge, garar nan mai fiffike, ya tashi bayan ruwa, su riƙa cafke shi a iska. Ranar da itacen ya gaji ya faɗi, sai su yi kwana biyu suna shawagi suna masifa, sa'an nan su sami wani mataccen su sake gari.

Abu Faisal ya ce, wallahi ya Ammi waɗannan takaru ne sak. Na ce masa ya kiyayi bakinsa, kakansa ma a ƙafa ya zo.

Abu Faisal ya riga ya cika wa tsuntsun gwangwani da alkama, domin a Makka duk abin da ke da fiffike alkama ake watsa masa, kamar tattabarun Harami. Na zubar, na sa ya sayo ɓaure da gwanda da ayaba. Tsuntsun ya dube ni da ido ɗaya, ya ɗauki yankan ɓaure ya haɗiye. Hajiya Umma ta aiko cewa a sake shi, ba ta son a tsare ɗan daji a cikin hurumin Harami. Na aika mata da girmamawa cewa in aka sake shi a kan duwatsun nan ba zai ga magariba ba. Ta ce to in riƙe amana.

Abinci ya samu, saura makwanci. Ɗan sanƙo ba ya barci a kan reshe. Kowace yamma sai ya bi kusurwoyin kejin yana saran ƙarfe da baki, har gefen bakin ya fara tsagewa. Muka yi masa babban keji a inuwar matakala, na huda kwali na sa masa, ya yaga shi. Na huda ƙwarya, ya ƙi kallonta. Sai na gane ba rami yake so ba, so yake ya haƙa da kansa.

Nan na gamu da abin da ban taɓa tunani ba: a Makka itace ba ya ruɓa. Duk guntun katakon da na tsinto, rana ta gasa shi ya zama kamar ƙarfe. Itacen da ya tsiro da kansa cikin Harami kuma ba a sarewa. Abu Faisal ya tuƙa mota har Ɗa'ifa, inda ni ba ni da takardar wuce shingen hanya, ya roƙo wani mai lambu kututturen ɓaure da aka sare, tsawonsa ya kai ƙirjina. Shi ma a bushe yake ƙayau. Tsuntsun ya sare shi sau ɗaya ya ja da baya.

Na zauna ina dubansa, sai idona ya kai ga tiyon mukayyaf da ke ɗiga a jikin bango dare da rana, ruwan yana bin ƙasa a banza. Na jawo kututturen ƙarƙashinsa. Na naɗe shi da jiƙaƙƙen algarara, na cusa ɓawon ayaba da ruɓaɓɓen goro a tsakani, na rufe da leda don kada iska ta sha danshin. Shekara da shekaru ina yi wa goro wannan hidima domin kada ya ruɓa, yau ga ni ina yi wa itace ita domin ya ruɓa. Kullum da hantsi in buɗe in juya in shinshina. Abu Faisal ya riƙa gaya wa abokansa a kanti cewa yana da tsoho a sama wanda ya zo mutuwa ya ɓuge da jinyar gungume. Matarsa ta yi ƙorafin wari. Ni kuwa ranar da na buɗe na ga farar fumfuna ta bi jikinsa, warin kurmi ya bugi hancina, sai da na juya baya don kada aku ya ga idona.

Ya ɗauki watanni kafin farcena ya iya shiga. Muka tsayar da shi cikin kejin. Ɗan sanƙo ya manne, ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, yana saurare kamar mai sayen tukunya, sa'an nan ya zaɓi wuri kusa da sama ya fara aiki. Dusa ta riƙa zuba. Da farko kansa ya shige, daga baya kafaɗa, wata yamma kuma muka ga wutsiya ta ɓace, sai ga baƙar fuskar ta leƙo daga ƙofa tana harararmu. Hajiya Umma da kanta ta sa aka riƙo ta ta hau matakala ta gani. Na yi alfahari a ranar, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina na ba shi abincinsa, na ba shi gidansa, babu abin da kurmi zai nuna mini.

Washegari da safe ya yi kuka, karo na farko tun zuwansa. Kukan ɗan sanƙo ba daɗi gare shi ba, ƙara ce gajera mai kaifi, ta hanci. A kurmi ba ka taɓa jin guda ɗaya, domin kafin ya rufe baki goma sun amsa. Nan kuwa ya yi kiran, ya karkata kai, ya yi shiru yana jira. Tattabaru suka ci gaba da gurnaninsu, aku ya zage shi. Ya sake kira, ya sake karkata kai. Haka ya yi ta yi kowace safiya. Na gwada amsa masa da bakina, ya dube ni kallon da ya dace da ni. Sannu a hankali kiran ya ragu, ɓauren ya fara kwana a gwangwani, ya daina fitowa sai dai fuskar a bakin ƙofa. Wata safiya fuskar ba ta leƙo ba. Na sa hannu na fito da shi, ba nauyi kamar ƙullin auduga.

Ban san abin da ya kashe shi ba. Ko zafi ne, ko rashin shinge da ƙwarin da ya saba, ko wani ciwo da ya taho da shi. Ni ba likitan tsuntsaye ba ne. Abin da na gani da idona shi ne karkata kan nan.

Abu Faisal ya so ya sanyaya mini rai da wasa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ya Ammi, kada ka damu. Ya riga ka samun abin da kake nema, ya mutu a Makka."

Da la'asar na sauka kai wa Hajiya Umma goronta, na zauna a bayan labule kamar kullum. Na ce mata na ga kaina a tsuntsun nan, baƙo a ƙasar dutse, yana kira ba mai amsawa. Ina cikin magana wayar ta fara ruri a aljihuna. Na bar ta har ta yi shiru. Ina jin ƙarar goro a bakin tsohuwar, sa'an nan ta ce:

"Malam Salihu, kai wa ka kira bai amsa ba? Maraɗawa sun amsa, mai fanke ta amsa, mu mun amsa. Ba kai ne tsuntsun ba. Tsuntsun ga shi nan cikin aljihunka, kullum da la'asar ina jin sa ta labule. Kai ne kurmin da ya yi shiru."

Na ce mata niyya na ɗaura tsakanina da Ubangijina. Ta ce ita uwarta ta mutu a garin nan tana ambaton wata ƙanwa da ta baro a Katsina, kuma ba ta ga darajar ƙasar ta hana ta wannan kukan ba. Ta ce kabarin Makka ba ya gudu, in an rubuta mini shi ko daga kurmi za a jawo ni. Daga nan ta ce goron yau ya yi yaushi, hankalina ba ya kansa.

Na hau sama na zauna kusa da kututturen. Ba a taɓa yi mini magana haka ba tun rasuwar mahaifiyata, kuma na ji haushi ƙwarai. Ina cikin jin haushin wayar ta sake ruri. Na ɗauka. Hajara ba ta zaci za a ɗauka ba, sai numfashinta nake ji. Can ta ce, "Baba?" da ƙaramar murya, ta yi shiru tana jira. Na san yadda kanta yake a karkace ko ban gani ba. Na ce, "Na'am, uwata, ga ni."

Sauran labarin gajere ne. Na sa babbar rigata, Abu Faisal ya kai ni da motarsa na miƙa kaina ga hukuma, ni da na yi ta gudunsu ba takalmi. Aka tsare ni tare da jama'a har ofishin jakadancin ƙasarmu ya yi mini takardar tafiya, aka ɗauki hoton yatsuna, aka sa mu a jirgi. An gaya mini ƙofar komawa ta rufe gare ni na tsawon lokaci, kuma a shekaruna na san ma'anar wannan. Ban ce na yi kuskuren zuwa ba, kuma ba zan ce ba. Na yi ɗawafin da ban iya ƙirgawa, na sha Zamzam har na ƙoshi.

Yanzu ina zangonmu. A bakin gonar kokon maƙwabcinmu akwai wani mataccen itace da 'yan sanƙo suka yi gari a kansa, wanda ya yi niyyar kayarwa, na roƙe shi ya bar mini shi har ya faɗi don kansa. Da hantsi nakan sa a kai mini kujera can. Kwanan baya Abu Faisal ya kira, ya ce gwara sun tare a ramin kututturen, har sun yi 'ya'ya, matarsa kuma ta hana a jefar da shi. Sa'an nan ya ce Hajiya tana son ta ji abin da tsuntsun yake jira. Na miƙe na ɗaga wayar sama wajen itacen, daidai lokacin da gari ya kaure da faɗa. Na daɗe a haka har hannuna ya gaji. Da na mayar kunne sai na ji tsohuwar tana dariya, ta ce ashe haka suke da surutu, Allah Ya ba maƙwabtansu haƙuri.

Likkafanin yana cikin akwati a ɗakin Hajara. Ita ta karɓe shi ranar da na sauka, ta ce a hannunta zai zauna, kada in sake yin tafiya da shi ban yi sallama ba.